Ai Muna da Nas a Gida

Ran da aka sallami Inna daga asibiti, likita bai ja magana ba. Ya ce ɓarin jikinta na dama ya shanye, tashi kuma sai yadda Allah ya yi. Abu ɗaya ya ja musu kunne a kai: a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, kada ta daɗe a kan ɓari ɗaya har fatar wurin ta mutu.

Tela, ɗanta na biyu, wanda a gidansa za ta zauna, ya yi murmushi ya nuna matarsa da haɓa.

"Likita, wannan kada ya dame ka. Ai muna da nas a gida."

Kowa ya yi dariya, har ita Nas ɗin. Daɗi ma ta ji a ranta, don ba kullum dangin miji suke yabon mutum a gaban jama'a ba.

Aka share ɗakin da ke kusa da ƙofar baya, inda Tela yake ajiye ragowar yadi. Aka sa sabuwar katifa, aka shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado, aka kafa fanka. Yaya Babba, wanda yake aiki a wani gari mai nisa, ya aiko da katan biyu na famfas ɗin manya da keken guragu mai walƙiya. Auta, ƙanwarsu, da ta gama karatu tana zaman jiran aiki, ta ce ita ai ba inda take zuwa, da rana a bar mata Inna. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce tsohuwar nan ta yi sa'ar 'ya'ya.

A rana ta uku Nas ta dawo daga aiki wajen ƙarfe uku da rabi. Tun safe ba ta zauna ba, ƙafafunta sun kumbura, nononta ya cika yana zafi, ga 'yarta Bebi da ta ɗauko daga gidan raino tana tsala ihu a bayanta. Tana ɗaga labulen ɗakin Inna ta ga Auta ta kama shanyayyen hannun nan tana ja, tana son ta mirgina tsohuwar. Ledar ta naɗe, gwiwar hannun Inna ta goge har ta saluɓe, fuskarta ta yamutse.

"Ke! Sake ta! Haka ake jan mutum kamar buhun siminti? So kike ki zare mata kafaɗa?"

"Anti, juya ta fa zan yi, likita ya ce..."

"Likita ya ce ki karya ta? Dubi yadda kika ji mata ciwo! Don Allah daga yau kada wanda ya sake taɓa ta sai na dawo."

Auta ta ɗaga hannuwa sama, ta ja da baya har bakin ƙofa.

"Allah ya ba ki haƙuri, Anti. Mu dama ba mu yi karatun ba."

Nas ta gyara Inna da kanta, ta wanke saluɓar, ta sa matashi a tsakanin gwiwoyinta. Kafin ta gama ba Bebi nono ta manta ma ta yi maganar. Ita kaɗai ce a gidan ta manta.

Gadaje talatin da huɗu ne a ɗakin mata inda take aiki, ma'aikatan jinya biyu ne a aikin safe, sai Babbar Sista da ke kai da komo tsakanin ɗakin da ofis. Kwalin safar hannu ɗaya ake ba su, a ce ya kai su mako. Bandeji yakan ƙare tun ran Laraba. Don haka suka koyi yanka tsofaffin zannuwan gado ƙanana ƙanana, su wanke, su dafa a tukunyar kayan aiki, su shanya. In ruwan wankin ciwo ya yanke, su tafasa ruwa su auna gishiri. Safar hannun da aka yi ƙaramin aiki da ita ba a yar da ita, sai a wanke, a cika ta da ruwa, a ɗaure bakin, a tura ta ƙarƙashin ƙafar wadda ba ta iya motsi don diddigenta ya tashi daga katifa. Ƙusa a jikin bango ita ce sandar rataya ledar ƙarin ruwa.

Amma babbar dabararsu ba a kaya take ba, a mutane take. Hannu huɗu ba za su iya juya mutum taran da ba sa iya motsi duk bayan awa biyu ba, ko da ba su da wani aikin. Sai Nas ta ɗauki koyar da masu jinya ya zama aikinta. Ta zana agogo a bayan kwali ta manna a bango, ta raba shi: nan dama, nan rigingine, nan hagu. Duk wadda aka kwantar da nata, a ranar za a koya mata.

A gado na shida akwai wata tsohuwa da ita ma ɓarin jikinta ya shanye, 'yarta ce take jinyarta, wata doguwar mata mai sayar da kifi, ba ta taɓa shiga aji ba. Ranar farko ita ma hannun uwar ta kama za ta ja.

"A'a, 'yar'uwa, tsaya," in ji Nas da murmushi. "Kowa haka yake farawa. Zo ki gani. Ki fara lanƙwasa wannan gwiwar. Yauwa. Hannunki ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Kada ki ja, ki mirgino ta wajenki kamar kina kiranta. Kin gani? Sake yi in gani."

Sau uku matar ta yi, a na huɗu ta yi daidai.

"Kin ga kin zama nas. Saura mu ɗinka miki farar riga."

"Wai! Sista, in na sa farar riga ai ƙarnin kifi sai ya kori marasa lafiya."

Gadajen kusa duk suka kwashe da dariya. Minti goma abin ya ɗauka. Babbar Sista takan ce wa likitoci, a ɗakinta shekara guda ke nan ba wadda ta yi gyambon kwanciya, kuma in ta faɗa Nas take kallo.

A gida, ƙarfe shida da rabi Nas take yi wa Inna wanka, ta sauya mata famfas, ta juya ta, ta fita da gudu da Bebi a baya. Ƙarfe uku da rabi ta dawo. Awa tara. Makon farko ba ta yi lissafin ba, don a zatonta Auta tana yi. Sai ran wata Talata da ta cire zanen ta ga wani jan tabo a ƙugun Inna ta baya, faɗinsa kamar murfin kofi. Ta danna yatsa ta ɗaga. Wurin bai yi fari ba, ja ya tsaya. Ta san ma'anar wannan kamar yadda ta san sunanta.

"Inna, yau an juya ki?"

Bakin Inna ya karkace tun ciwon, magana sai ta tattaro ta da ƙyar.

"Suna da... aiki, 'yar nan."

Ta sami Auta a falo tana latsa waya.

"Auta, tun safe ba ki juya Inna ba?"

"Na ba ta abinci, na ba ta magani, na kunna mata fanka."

"Juyi nake tambaya."

"Anti, ke fa kika ce kada wanda ya taɓa ta. A gaban Inna kika faɗa."

"Haba, ai da ɓacin rai na faɗa."

"To ni ina na sani? In na taɓa, na karya. In ban taɓa ba, na bari. Gara wanda ba a ce na karya uwata ba."

Nan ne wurin da Nas take komawa a ranta har yau. Abin da ya kamata ta yi a fili yake. Ta ce, yi haƙuri, na yi miki tsawa ba bisa ƙa'ida ba, taso in nuna miki. Minti goma. Amma Bebi tana jan siket ɗinta, tukunya tana kan wuta, kuma yadda Auta ta yi maganar ba tare da ta ɗago kai daga wayar ba ya tsaya mata a wuya. Ita da take koyar da baƙi da fara'a, sai ta ji ba za ta iya lallashin ƙanwar miji ba.

"Ran Asabar zan nuna miki," ta ce, ta wuce kicin.

Da yamma ta tari mijinta yana cin abinci.

"Baban Bebi, bayan Inna ya fara ja. Shagonka nan kusa ne, tafiyar minti biyar. Ko sau biyu ne ka riƙa leƙowa ka juya ta."

Ya ajiye cokali.

"Ni? Uwata ce fa. Ta yaya zan yaye mata zane? Wallahi ba zan iya haɗa ido da ita ba."

"Ba sai ka yaye ba. Da zanen za ka..."

"Ke, wannan aikinku ne. Ni ba na kawo miki wuyan riga in ce ki ɗinka. Kuma Auta ta ce min kin hana a taɓa ta, na ce ai gaskiyarki, abu ne na masana."

Ran Asabar abokiyar aikinta ta kwanta zazzaɓi, aka kira Nas ta riƙe mata. Ran Lahadi da ta sami hutu ta juya Inna da kanta a kan lokaci, ta yi wanki, ta yi barcin da ta kwana biyu ba ta yi ba, Auta kuma ta tafi gidan ƙawarta. Ran Litinin jan tabon ya yi ƙuraje, ran Laraba ya fashe.

Yaya Babba ya kira a daren Alhamis da wuri, aka sa wayar a kunnen Inna ya yi mata sannu, sannan ya nemi Nas.

"Amaryarmu, Allah ya yi miki albarka. Kullum ina faɗa wa mutanena a nan, ni hankalina kwance yake, ba kamar waɗanda suke ɗaukar 'yan aiki ba. Akwai abin da ake buƙata?"

Hannu ake buƙata. Maganar ta zo har bakinta.

"Babu, Yaya. Muna ta ƙoƙari."

Ta fara wanke ciwon da kanta, safe da yamma. Ta yanka tsohon zanenta ta dafa, ta tafasa ruwan gishiri, ta cika safar hannu da ruwa ta tura ƙarƙashin ƙafafun Inna, duk dabarar da ta sani ta kawo ta gida. Sai dai ciwon da aka wanke da safe, aka kwanta a kansa awa tara, ba wankin da zai yi masa magani. Tun yana murfin kofi ya zama tafin hannu. Tsakiyarsa ta yi baƙi. Ya fara wari.

Warin ya ƙara wa kowa hujja. Auta ta ce ita in ta shiga ɗakin zuciyarta tashi take, sai ta riƙa ajiye abinci ta ba Inna cokali biyar a tsaitsaye, ta fesa turare ta ja ƙofa. Tela ya koma gaisuwa daga bakin ƙofa: "Inna, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi," ya saki labule. Wata maƙwabciya da ta zo dubiya ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Anya ba za ku mai da ita asibiti ba?"

"Asibitin me?" in ji Tela. "Ga asibiti a gida."

Nas tana tsaye da kwanon ruwa a hannu. Ta san maƙwabciyar ta fi ta gaskiya. Tun ran da tsakiyar ciwon ta yi baƙi ta san aikin ya wuce na wanki, sai likita ya yanke mataccen naman. Amma asibiti ɗaya ne a kusa, ɗakin mata ɗaya ne a cikinsa, nata. Duk lokacin da ta yi niyya sai ta ga fuskar Babbar Sista tana ɗaga zanen, ta ga abokan aikinta suna kallon juna, ta ga agogon kwalin da ta zana da hannunta. Sai ta ce wa kanta, bari in ƙara masa kwana biyu, wataƙila ya tsaya. Kwana biyun nan sau huɗu ta ƙara su.

Inna ba ta taɓa yi mata ƙorafi ba. In tana wanke ciwon, tsohuwar takan damƙe gefen katifa da hannunta mai lafiya, zufa ta karyo mata, in an gama ta ce, "Sannu, 'yar nan. Kin gaji." Wannan sannun ya fi zagi ciwo.

Ran da abin ya ƙare, Nas ta dawo a makare, wajen ƙarfe huɗu, don an kawo waɗanda suka yi haɗarin mota. Ƙarar talabijin ce ta tare ta a falo. Ta wuce ɗakin baya. Inna tana nan yadda ta bar ta da safe, fuskarta tana kallon bango, matashin da ta sa mata ya zame ya faɗi ƙasa, jikinta ya koma kan ciwon. Kofin ruwa yana kan kujera, tazarar taku ɗaya daga hannunta. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ba wanda ya buɗe taga. Ta taɓa goshinta, kamar ta taɓa murfin tukunya. Ta ɗaga zanen. Tururuwa ce ta yi layi daga ƙafar gado, ta bi ta kan leda, ta shige ƙarƙashin bandejin.

"Inna! Inna!"

Idanun suka buɗe, ba su gane ta ba.

Ba ta san da wace murya ta kira Auta ba. Ta dai ga yarinyar ta shigo da gudu, ta ga tururuwar, ta dafe kai ta durƙushe.

"Wallahi ƙarfe ɗaya na leƙo, barci take yi. Yaya Tela ma ya zo ya ci abinci, ya gaishe ta daga nan."

"Kira shi. Ya zo da mota."

Babu gado a ɗakin mata. Babbar Sista ta dubi tsohuwar da ke kan keken, ta dubi Nas da ke cikin kayan gida, ta sa aka mai da wata mai sauƙi kan katifa a ƙasa, aka kwantar da Inna a gado na bakwai. Aka ja labule. Babbar Sista ta sa safar hannu ta ɗaye bandejin a hankali. Ta daɗe tana kallo. Ramin zai iya haɗiye dunƙulen hannun yaro, can ƙasa ana hango farin ƙashi.

"A ina aka yi jinyarta?" ta tambaya da ƙarfi, don na bayan labule su ji.

"A gida, ranki ya daɗe," in ji Tela. "Ai muna da..."

Bai ƙarasa ba. Shi da kansa ya ji yadda maganar ta fita.

Babbar Sista ba ta dubi Nas ba. Ta sa aka ɗaura ƙarin ruwa, aka yi allura, aka aika kiran likita. Sai da komai ya kammala ta ce, "Biyo ni," suka shiga ɗan ɗakin da ake ajiye zannuwa, ta rufe ƙofa.

"Da wata ce ta kawo mana uwarta a haka, me za ki ce mata?"

Nas ta sunkuyar da kai.

"Ina jin ki."

"Zan ce me ya sa ba ta kawo ta da wuri ba."

"To me ya sa?"

"Kunyarku na ji, Sista."

"Kunyarmu. Mu da muke dafa tsumma mu ɗaure wa mutane ciwo, mu ne abin jin kunya? Su mutanen gidan ba su da hannu?"

"Ni na hana su. Na yi wa yarinyar tsawa, na ce kada a taɓa ta. Ban koya mata ba."

Babbar Sista ta cire tabarau ta goge.

"Kin yi laifi, ba zan ɓoye miki ba. Amma kada ki kwashe duka ki ɗora wa kanki, don in kin kwashe, su sun huta ke nan. Mutum uku ta haifa. Tsawa ɗaya ba ta hana ɗa taɓa uwarsa wata guda, sai in dama yana neman wanda zai hana shi. Goge fuskarki, likita ya iso."

Likita ya ce sai an yanke duk naman da ya mutu, a nan kan gadon, don ɗakin tiyata ya cika da 'yan haɗari. Allurar kashe zafi da ta rage kwalba ɗaya ce, ba za ta ratsa ko'ina ba. Ana buƙatar wanda zai riƙe ta a kan ɓarinta kada ta motsa. Tela ya fara ja da baya yana lalubar waya a aljihu.

"Bari in kira Yaya in sanar da shi..."

Nas ta tsaya a bakin labulen.

"Yaya zai jira. Zo ka riƙe ta."

"Haba, Maman Bebi, kin san ba zan iya ganin..."

"Ita ta iya kwanciya a kansa wata guda. Zo."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya zo. Ta ɗora hannunsa ɗaya a kafaɗar Inna, ɗaya a ƙugu. Da almakashi ya fara aiki, tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga murya ba tun da ta kwanta ta yi wata ƙara da ta sa ɗakin gaba ɗaya ya yi tsit. Tela ya rufe ido, hawaye suna bin gemunsa suna ɗiga a kan zanen uwarsa, amma bai saki ba.

Washegari Nas ta shigo aiki ta tarar da mai kifi ta gado na shida ta tsayar da Tela da Auta a gefen gadon Inna.

"A'a, ɗan'uwa, ba haka ba. Lanƙwasa gwiwar tukuna. Ke kuma 'yan mata, kada ki ja, mirgino ta wajenki. Ba wuya fa. Ni nan da kuke gani ko sunana ban iya rubutawa ba, waccan sistar ce ta koya mini, mutuniyar kirki, ba ta da faɗa ko kaɗan."

Auta ta ɗago ta dubi matar yayanta. Nas ta ajiye jakarta ta matso.

"Auta, ki yafe mini. Tun ranar ya kamata in nuna miki."

"Ni ma da na so, da na tambaya, Anti," in ji ta.

Zazzaɓin ya sauka a kwana na biyar. Ciwon kuwa mako bakwai ya ɗauka yana cikowa daga ƙasa, kaɗan kaɗan. Katifar gado na bakwai a yage take, an toshe ramin da tsumma. Fankar da ke sama ta daɗe da mutuwa. Wasu ranaku ruwa ma sai an ɗebo a bokiti. Amma in lokacin juyi ya yi, ko Auta ta fita sayen magani, wata daga masu jinyar maƙwabta za ta ce, "Kai, tsohuwar bakwai fa?" mutum biyu su taso. Wata ta ba ta ruwa, wata ta yi mata tsifa, mai kifi ta riƙa tsokanarta wai ta warke ta zo su buɗe rumfa tare. Inna ta fara dariya da rabin bakinta. Ta yi ƙiba ma.

Da safiyar wata Litinin likita ya duba ya ce ciwon ya kusa rufewa, sauran a ƙarasa a gida. A kan bencin waje akwai wata mata da aka kawo tun asuba, mijinta yana tsaye yana riƙe da ledar ƙarin ruwanta a sama, gado take jira. Tela ya kawo mota, Auta ta haɗa kaya, aka turo keken. Nas ta sunkuya za ta ɗago ta, sai ta ji jikin ya ƙi tasowa. Hannun Inna mai lafiya ya damƙe ƙarfen gadon.

"Inna, saki, gida za mu."

"Ku bar ni... nan."

Tela ya yi 'yar dariya, ya dubi mutanen da ke kallo.

"Inna, gida fa. Ɗakinki, katifarki sabuwa, ga fanka. Nan me ake da shi?"

Ta daɗe tana haɗa kalmomin.

"A nan... in na yi tari... wani yana waiwayowa."

Mai kifi ta juya ta fuskanci bango tana gyara ɗankwali.

Ba yadda za a yi a bar ta. Gadon ba na Nas ba ne, kuma matar da ke kan benci ita ma uwar wasu ce. Ita Nas ɗin ce ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun surukarta daga ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Ki yi haƙuri, Inna, ki yi haƙuri." Tsohuwar ba ta yi gardama ba. Hawaye kawai suke gangarowa ta ɓarin fuskar da ba ya motsi.

Mutane suna yawan faɗar abin da asibiti ya rasa, kuma gaskiya ne, ya rasa. Amma ɗakin da babu bandeji, babu fanka, babu isassun ma'aikata, shi ya rufe ramin da aka haƙa a gidan da ke da komai. A gidan ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta abinci. Kowa dai ya sami dalilinsa mai kyau, ya riƙe, ya bar ta tana kallon bango.

Aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar Nas. Auta ta matse a gefe. Tela ya zauna gaba kusa da direba. Motar ta fara tafiya. Nas ta dubi agogon hannunta.

"Baban Bebi, yanzu sha ɗaya da kwata. Ni zan dawo aiki in na kai ku. Juyin ɗaya da kwata kai da Auta ne."

"Ɗaya da kwata?" Ya sosa ƙeya. "Kash, akwai wanda zai zo gwajin riga ƙarfe ɗaya, tun makon jiya nake ɗaga masa. Auta ai ta iya yanzu, ko zuwa uku in na..."

Nas ta ji jikin Inna ya saki a kan cinyarta. Ta duba. Tsohuwar ta rufe idanu, kamar wadda ta ji abin da dama take jira.

"Direba, tsaya."

Motar ta tsaya a daidai ƙofar asibitin. Na baya suka fara danna ham. Mai gadi ya taso yana ɗaga hannu.

"Lafiya?" in ji Tela.

"Waiwayo ka faɗa mata. Ba ni za ka faɗa wa ba. Dube ta ka ce mata rigar ce ta fi."

Ya waiwayo. Ya daɗe yana kallon fuskar uwarsa, ita kuwa ba ta buɗe ido ba. Ham yana ta ƙaruwa a bayansu. Ya zaro wayarsa, ya nemo lambar mai rigar.

Nas ba ta ce direba ya ja ba sai da ta ji an ɗauka.